Hatimin da Kawu Wakili Bai Nema Ba

Kawuna Usmanu Jatau yayan mahaifiyata ne, amma daga Zurmi har Shinkafi da wuya ka sami wanda ya san shi da wannan suna. Wakili ake ce masa, domin shekara talatin ke nan shi rugagen yankinsu ke turawa duk inda za a yi magana da hukuma, ko kan allurar shanu, ko rajistar zaɓe, ko sasanci idan dabba ta shiga gonar wani. Bai yi boko ba. Katin zaɓensa kullum yana naɗe cikin leda a aljihun gaba, kuma bai taɓa fashin shiga layi ba. Yana noma gero, yana kiwo. Yawan shanunsa ban sani ba, don ba ya faɗa.

Tsakanin rugarsu da gulbin da shanu ke shan ruwa akwai burtali, hanyar da hukuma ta ware wa dabbobi tun kafin a haife ni, aka kafa mata turakun siminti. A ranin bana aka wayi gari babu turakun. Wani manomi mai suna Namadi ya share wurin, ya ce ba shi aka yi, da takarda. Idan ya shuka, hanya ɗaya ta rage wa shanun Kawu, ita ce su zagaya ta daji. Kowa ya san su wa ke cikin dajin nan.

Ni Yazid, bara na gama kwalejin kimiyya da fasaha a Kaura Namoda, ina zaman jiran aiki a wani shagon buga takardu kusa da kasuwar hatsi. Nan Kawu ya same ni wata ranar kasuwa, ya jingine sandarsa jikin firinta.

"Ɗan boko, har yanzu ba a ba ka gwamna ba?"

"Ana kan duba takarduna, Kawu."

"To kafin nan, mi ake yi wa mutum in yana son ganin taswirar burtali? Sau huɗu ina zuwa ofishin."

Ba zan ambaci sunan ofishin ba. Na tambaye shi abin da ya ce musu a zuwan nan huɗu. Ya ce ya kai wa Malam Dalhatu, akawun da ke karɓar baƙi, kindirmo da kwalbar man shanu, ya gaishe shi, ya tambayi iyali da lafiyar tsohuwarsa.

"Sannan ka ce a ba ka taswirar?"

"Haba. Ai ya san abin da ya kawo ni. Babba ba a tsare shi da roƙo."

Na kusa yin ihu. Na yi masa bayanin dokar da muka karanta a makaranta: ɗan ƙasa na da haƙƙin neman bayani daga hukuma a rubuce, kuma a amsa masa cikin kwana bakwai. Na buga masa wasiƙa, kwafi biyu, ya dangwala yatsa. Na maimaita masa har sau uku cewa ɗaya zai bar musu, ɗaya kuma a buga masa hatimi da kwanan wata ya dawo da ita, domin ita ce shaidar cewa ya nema. Ya ce ya ji. Ya kamata in raka shi. Ban raka shi ba, saboda washegari ina da jarrabawar neman aiki a Gusau, wadda har yau ban ji sakamakonta ba.

Da na dawo na iske shi a gidanmu yana hira da mahaifiyata, fuskarsa a sake.

"Kawu, ina kwafin?"

"Na ba shi duka biyun."

"Hatimin fa?"

"Yazidu, mutumin nan tashi ya yi ya ba ni kujerarsa. Ya aika aka kawo mini ruwan sanyi. Ya karɓi takarda da hannu biyu, ya ce in sha Allah. Sai in ce masa buga mini shaida? Wato na ce masa maƙaryaci ke nan a gaban mutane. Ni da furfurata?"

"Ba zagi ba ne, Kawu, ƙa'ida ce!"

"Ƙa'idarku. Mu in mutum ya ce in sha Allah, an gama."

Mahaifiyata ta harare ni don na ɗaga wa yayanta murya. Kawu ya hau babur ya koma ruga yana ƙirga kwana bakwai.

Mako uku suka wuce. Na tafi ofishin da kaina. Malam Dalhatu ya karɓe ni da fara'a, ya buɗe littafin da ake shigar da wasiƙu, ya bi layi da yatsa har ƙasa.

"Ba wasiƙa da sunansa, samari. Baba Wakili dai yakan zo gaisuwa, mutumin kirki. Ka zo da kwafin da aka buga wa hatimi?"

Har yanzu ban san ko ɓoye ta ya yi ba, ko kuwa ta nutse cikin tulin fayil ɗin da ke bayansa. Na ce zan rubuta wata nan take. Ya ce sai mai nema ya zo da kansa, tunda da sunansa ake nema. Waya ba ta shiga rugar Kawu. Na ba wani direban Zurmi saƙo, kafin saƙon ya isa aka yi ruwan shuka.

Namadi ya shuka burtali kaf. Kawu ya same shi a gonar, Namadi ya zaro takardarsa ya ce, "Wakili, ga tawa. Kawo taka in tashi." Ba faɗa suka yi ba. Kawu ba shi da abin da zai nuna. Wasu daga cikin makiyaya suka ce a kora shanu ta kan shukar kawai, ya hana. Ya ce shekara talatin yana cin tarar masu yin haka, ba zai zama na farkon da zai taka geron mutum ba, kuma ya san abin da ke biyo bayan irin wannan a ƙasarmu.

Kwana tara yana zagayawa da su ta daji. A na goma, da hantsi, mutane kan babura suka tare shi. Suka karya masa hannu da gindin bindiga, suka kora garken gaba ɗaya. Masu itace ne suka tsince shi.

A asibiti na gan shi. Matarsa, Inna Zulai, tana zaune a ƙasa tana kiran sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya, kamar za su amsa. Tun ranar, in na ji babura biyu ko uku sun taho tare, sai in waiga ina neman wurin ɓuya, ko da tsakiyar kasuwar Kaura nake. Ina ta lissafin abin da ya jawo mana wannan bala'i: rashin tawada kaɗan a kan takarda, da tafiyata Gusau. Wani lokaci haushin Kawu nake ji, wani lokaci na ofishin, amma nawa ya fi yawa.

Da aka sallame shi ya zo shagon, hannu a rataye.

"Buga mini wata," ya ce. "Akwai sauran shanun mutane."

Wannan karon tare muka tafi, kuma bai ɗauki komai a hannu ba sai takarda. Malam Dalhatu ya miƙe da sauri, ya yi masa jaje har da ƙwalla, ya jawo masa kujera. Kawu bai zauna ba. Ya ajiye kwafi biyu a kan tebur, ya dafe ɗaya da hannunsa mai lafiya. Na ga yadda maganar ta yi masa nauyi kafin ta fito.

"Malam, ka buga mini hatimi a wagga."

Malam Dalhatu ya ja aljihun tebur, ya laluba, ya mayar.

"Wallahi Baba, hatimin na wurin oga, shi kuma ya tafi taro Gusau. Wataƙila jibi, wataƙila mako mai zuwa. Ka bar ta a wurina, ai ba komai."

Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya ɗaga mini yatsa. Ya kwashe takardunsa duka biyun, ya je kan bencin da ke bakin ƙofa ya zauna, ya miƙe ƙafafunsa.

"Zan jira shi," ya ce. "Ba ni da shanun da zan koma in shayar."