Yatsan Hannun Ƙarfe

A gidanmu na maƙera, can Damagaram, akwai abin da ba a tsallakewa. Duk jaririn da aka haifa, ranar suna wan ubansa ko ƙanin ubansa zai ƙera masa 'yar munduwa da ƙarfen da ya fi kowanne kyau a maƙera, a sa masa a ƙafar hagu, kuma ba a cirewa sai an yaye shi. Tsofaffinmu suna cewa ƙarfe ya san 'ya'yansa, ba ya bari mugun abu ya kusance su. An sa mini, an sa wa yayana. Da wannan al'ada muka zo Tamanrasset, tare da masabar babanmu da tsohon awartakinsa, kuma da ita na cuci 'yar yayana da hannuna.

Mun zo ne a farkon shekarun sittin, mu biyu, muka kafa rumfa a bakin kwarin da yanzu ake kira Gatalwad. Ƙira ba ta riƙe mu ba. Buzaye suna da maƙeransu, 'yan kasuwarmu kuwa wuƙa ɗaya sai ta kai su shekara biyar. Don haka da muka ji nasara suna ɗaukar leburori a wani dutse da ke arewa, tafiyar yini a kamiyo, wato babbar motar kaya, muka rufe rumfa muka bi. Aljeriya ta riga ta samu 'yanci, amma su ba su tashi daga dutsen ba tukuna. Sun huda cikinsa, lokaci lokaci su fasa wani abu a ciki, ƙasa ta girgiza har tukunya ta tuntsure daga murhu. Ba wanda ya gaya mana ko mene ne. Mu ma ba mu tambaya ba, tunda ana ba mu burodi da sardin.

A can na ga hannun. Akwai wani ɗaki mai kaurin bango, ba taga, sai gilashi guda wanda kaurinsa ya fi taƙi. A cikin ɗakin an kafa hannu na ƙarfe, da gwiwarsa da wuyansa da yatsu uku. Wani nasara zai tsaya a waje yana leƙe ta gilashin, ya motsa wasu mariƙai, hannun kuwa ya miƙe ya ɗauki duwatsun da ake fitowa da su daga cikin ramin, ya juya su, ya sa a akwati. Ni aikina shara ne a bakin ƙofa, amma rabin yinina a kallo yake ƙarewa. Maƙeri ne ni ɗan maƙeri, na san wuyar haɗa ƙarfe biyu su yi motsi ba ƙara. Wannan kuwa da za a ba shi ƙwai zai ɗauka bai fasa ba. Wallahi na so hannun nan kamar yadda ake son doki. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa mutum mai lafiyayyun hannaye biyu zai kashe dukiya haka don kawai kada ya taɓa dutse ba.

Wata rana hannun ya ƙage. Aka ce sai an kawo wani abu daga ƙasarsu, zai ɗauki mako uku, aiki kuwa ba zai tsaya ba. Nasaran ya duba cikinmu ya zaɓi yayana, don shi ne mai natsuwa, abu ba ya suɓuce masa. Aka ba shi safar hannu ta yadi da ƙarin gwangwanin sardin kullum. Ya riƙa shiga ɗakin, nasara na waje bayan gilashi yana nuna masa da yatsa, shi kuwa yana ɗauka yana juyawa yana sawa a akwati. Kafin ya fito sai ya goge wa hannun ƙura ya shafa masa mai, don an ce abu ne mai tsada. Mako uku cur yayana ne hannun. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, hassada nake yi masa, kullum ina damunsa ya tambayar mini ko ba sa son mutum na biyu.

Yanzu matasan unguwa sukan nuna mini mutum-mutumi a waya, yana tafiya, yana ɗaukar kaya, wai ya zo ya hutar da ɗan Adam daga aiki mai hatsari. Nakan yaba ƙirar, don ƙira mai kyau ba ta da laifi. Sannan in tambaye su wa ake turawa ciki ranar da ya lalace. Sai su yi dariya su ce tsoho ya fara.

Da nasara za su tashi, suka haƙa manyan ramuka da katafila, suka tura motoci da wayoyi da injuna ciki suka binne. Ranar na kusa yin kuka. A wurinmu binne ƙarfe mai kyau ɗaya yake da zubar da hatsi a rijiya. Na ce rowa ce kawai da baƙin ciki, ba sa son talaka ya mora. Yayana ya ce in bar musu kayansu, ruwa ba ya tsami banza. Ban ji ba. Bayan 'yan watanni na samu wani Buzu mai raƙuma muka koma, muka tarar ba mu kaɗai ba ne, mutane na ta tonon jan ƙarfe. Ni ba shi na je nema ba. Kwana huɗu ina haƙa kafin na ci karo da gwiwar. Na kwance hannun gaɓa gaɓa, na ɗaure a buhu, na kawo shi maƙerarmu na harhaɗa na rataye a rumfa, mutane suna zuwa kallo.

A lokacin yayana ya yi aure. Matar 'yar mutanenmu ce daga Tanut, mai baki kamar reza. Tsakanina da ita wasan ƙanin miji ne, ba ta kirana sai Sarkin Maƙera, wai sarkin da ba shi da talaka ko ɗaya. Da ta haifi 'ya mace, ta aiko a ce wa Sarki kada ya kuskura ya kawo mata guntun fartanya, 'yarta ba 'yar ƙauye ba ce. Na ce za ta gani. Na cire yatsa guda daga cikin ukun, farin ƙarfe mai sheƙi, na yi kwana biyu ina fama da shi a wuta saboda taurinsa. Ranar suna na sa wa yarinyar a ƙafar hagu, mata suka rangaɗa guɗa. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Ba a yi wata uku ba yayana ya kwanta. Ya fara da kasala, har masaba ta fi ƙarfinsa. Sai dasashinsa ya riƙa jini, jikinsa ya yi tabo-tabo kamar wanda aka lakaɗa wa duka, alhali ba wanda ya taɓa shi. Ya sha rubutu, ya sha saiwoyi, muka kai shi asibitin garin. Mai yi masa allura wani Balarabe ne da ya taɓa aiki a ƙofar dutsen, shi ne mai bin jikin nasara da wani ɗan akwati in sun fito daga rami. Ya gane yayana. Ya riƙe hannayensa ya daɗe yana dubawa. Yayana ya rasu yarinyar tana da wata bakwai.

Balaraben ya zo gaisuwa ranar uku. Yana zaune a tabarma ya ɗaga kai ya ga abin da ke rataye a rumfa, sai ya miƙe tsaye, shayinsa ma bai sha ba. Washegari da hantsi ya dawo da ɗan akwatin nan, ashe ya riƙe guda bayan tafiyar nasara. Ya kai shi kusa da uwar maƙera, akwatin ya yi ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ya kai shi kusa da hannun, sai ya ɓarke kamar an watsa gishiri a wuta. Da guntuwar Hausarsa ya fahimtar da ni cewa akwai wata guba a duwatsun nan, ba a ganinta, ba ta da wari, wuta ba ta cin ta, kuma tana manne wa duk abin da ya daɗe tare da su. Ita ce dalilin gilashin, ita ce dalilin binnewar, kuma ita yake zaton ta ci yayana. Sannan ya duba yatsun da suka rage, ya tambaye ni ina na ukun.

Sai na ruga cikin gida. Matar yayana tana takaba, tana zaune bayan labule da yarinyar a cinya. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ta ba ni munduwar yanzu yanzu. Na yi bayani, amma maganar wanda ya firgita ba ta tafiya daidai, na cakuɗa gilashi da sardin da gishiri a wuta. Ta saurara har na gama.

"Sarkin Maƙera," ta ce, ba alamar wasa a muryarta, "ku kuka ce mini in aka cire kafin yaye, yaro ba ya kai labari. Ubanta ya tafi, abin gidanku da ya rage a jikinta ke nan. Kayan nasara sun kashe mini miji, yau kuma akwatin nasara ne zai faɗa mini yadda zan yi da ɗiyata?"

Kwana tara na yi ina zarya. Na je wurin malamin da ke karantar da mutanenmu, ya zo ya gaya mata munduwa ba ta rayawa ba ta kashewa, sai Allah. Ta ce to tunda ba ta kashewa a bar ta inda take. Malam ya fita yana shafa gemu. Na roƙe ta ta bari Balaraben ya kawo akwatin ta ji da kunnenta, ta ce ba zai taka mata gida ba, daga shi har akwatinsa. Na turo tsofaffin mata, suka shiga suka fito suna goyon bayanta, suna cewa rasuwar ce ta taɓa mini kai. Na durƙusa a bakin ƙofar nan na yi kuka. Na tashi da fushi na ce zan shiga in ƙwace, ta goya yarinyar ta jingina da bango ta ce in shigo. Kowace safiya nakan ji munduwar tana bugun tasa in yarinyar na wasa. Abinci ya daina shiga, na tsani hannayena.

Al'adar ce dai ta ba ni ƙofa. In ƙafar yaro ta yi kauri, maƙerin da ya ƙera yakan karɓi munduwar ya buɗa ta kaɗan ya mayar kafin rana ta faɗi, kuma wannan ba a ɗauke shi cirewa ba. Na daina maganar guba kwana biyu, na yi kamar na haƙura. Na tuna ranar da Balaraben ya zagaya maƙera, abin da akwatin ya yi shiru a kansa shi ne tsohon awartakin babanmu, don yana ƙunshe a ɗaki, ba ma aiki da shi. Na yanki ƙafarsa ɗaya, na je maƙerar wani Buzu na ƙera munduwa da wutarsa da masabarsa, na goge ta da magagari da yashi har ta yi fari. Sannan na aika a ce wa uwar ƙafar yarinya ta matsu, a kawo in buɗa.

Wata tsohuwa ta fito da yarinyar. Na ɓare munduwar, na ce zan kai ta wuta. Inda take zaune fatar ta yi wani jan zobe, ban sani ba ko guba ce ko gugar ƙarfe. Da la'asar na dawo na sa mata sabuwar, aka mayar da ita ciki. Ina tsaye ina ganin inuwar uwar ta labule, ta riƙe ƙafar tana juyawa. Matar maƙeri ce, ta san baƙin ƙarfe komai gugarsa.

"Na Baba ne?" ta tambaya.

Na ce nasa ne. Daga ranar ba ta sake kirana Sarkin Maƙera ba.

Hannun da yatsan da duk abin da ya yi ƙara, ni da Balaraben muka kai su bayan gari nesa da rijiyoyi muka binne, muka jibga duwatsu a kai. Ina tura ƙasa ina tuna zagin da na yi wa nasara kan binne ƙarfe. Duk da haka har yau ban yafe musu ba. Sun san abin da ke ciki, suna da tafinta, da sun buɗe baki sun gaya mana ba za a yi minti biyu ba. Suka ga ya fi sauƙi su rufe da ƙasa su hau jirgi.

Yarinyar ta rayu. A hannuna ta girma, Baba take ce mini, ni na aurar da ita. Duk zazzaɓin da ta yi a duniya, ƙafarta ta hagu nake fara kallo. Da ta samu ciki na farko ta zo maƙera tana sunkuyar da kai, ta ce in shirya ƙarfe, mijinta ba maƙeri ba ne amma tana so a yi wa ɗanta irin na gidanmu. Na yanko daga ragowar awartakin babanmu na ƙera. Jaririn bai kai ranar suna ba. Ba a sa wa yaro munduwar wani, don haka da na biyu ya zo na sake ƙerawa, shi ma haka. Na uku ko wata bakwai bai cika a ciki ba, amma na riga na ƙera. Likitoci sun ce ba su ga dalili ba, malamai sun ce ƙaddara ce, kuma mai yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa. Ni dai na san tsawon watannin da ta yi da yatsan nan a ƙafa, na kuma san wanda ya sa mata. Uwarta ta rasu ba ta gaya mata ba, ni ma na kasa.

Munduwoyin uku suna nan rataye a ƙusa ɗaya bayan zugazugi. Wani lokaci in ta kawo mini abinci takan tsaya ta shafa su, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na sa ka wahala a banza." Sai in ce ta ajiye kwanon, zan ci anjima.