Wata Biyar Na Ce wa Likita

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na rage wa cikin ƙanwata wata ɗaya.

A gidanmu da ke Kutama ba a faɗin watannin ciki daidai, saboda tsoron bakin mutane. In shida ne sai a ce biyar, da haka muka tashi. Ƙanwata kuwa cikin fari ne, kunya ta hana ta zuwa awo ko sau ɗaya. Ni kaɗai na san lissafinta, domin ni ta raɗa wa tun farko.

Cikin yana wata shida cif naƙuda ta taso mata da hantsi, muka garzaya asibiti a Gwarzo. Ta haifi namiji ɗan mitsitsi, bai yi kuka ba, ƙirjinsa kawai ke motsi. Likita ya ɗora shi a sikeli, ya duba fatarsa da idanunsa, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, babu katin awo, babu hoto, nauyinsa kuma yana kan iyakar waɗanda ake iya cetowa. Cikin wata nawa ne?"

Ga mata cike da ɗakin. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Biyar, likita."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Sai ya sa aka naɗe yaron aka ɗora shi a ƙirjin uwarsa. Ni sakarya har daɗi na ji, na zaci sauƙi ne ya samu. Kafin azahar ya cika.

Da likitan ya dawo yi mana gaisuwa, ya ce ɗan wata biyar huhunsa bai gama haɗuwa ba, tura masa iska azabtar da shi ne kawai, shi ya sa ya bar shi a jikin uwarsa. Na ce, "Likita, shida ne fa."

Ya kalle ni ya ce, "Ban ce zai rayu ba, Hajiya. Amma da na gwada. Da na sa masa iska, mun tura shi Kano a saka shi a kwalba."

Ƙanwata ta ji komai. Har yau ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Na san rai na Allah ne. Amma na koyi cewa idan likita ya yi tambaya, ba gulma yake nema ba, da amsarka zai yanke hukunci a kan ran wani.