Ɗakin Kusa da Masai

Jama'a, yau na ga mai girman kai ya durƙusa a gaban kowa!

Mu 'yan ƙungiyar ɗaliban jami'a na ƙasar Gumel mun yi taro a wani ajin firamare, kan ranar tarbar sababbin ɗalibai da rabon ɗakunan kwana. Awa biyu ana musu, ko ranar ba a tsayar ba! Sai shugabanmu Ɗanlami, sarkin iyayi, ya buga tebur. Wai sababbi 'yan Ɗanzomo da Gagarawa a zuba su ɗakunan kusa da masai, ai sun saba da warin garke. 'Yan korensa har da tafi. Tir!

Sai wani dattijo ya miƙe daga bencin baya. Ya ce, "Ɗanlami, ni ma bana na samu shiga jami'a, daga Ɗanzomo. Wane ɗaki ka ba ni?"

Ashe Malam Isa ne, hedimastan da ya koya masa karatu!

Ɗanlami ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa. "Allah gafarta Malam, wasa nake. Ɗakina naka ne."

Malam ya ce, "Na karɓa. Kai ka koma wancan na kusa da masai."