Kaka Tam, Wanda Ya Hana Jirgin Yaƙi Ido

Kullum da safe, in ruwa ya fara janyewa, Kaka Tam Luom yakan sauko rumfarsa ta bakin mashigi da gwangwanayen fenti. Ya zauna a kan kututturen kwakwa, ya dama baƙi, ya dama fari da ja, ya jira jirgin da za a turo masa. Aikinsa zana wa jirage ido. Duk kwale-kwalen da ke zirga-zirga tsakanin mashiginmu da kasuwar kan ruwa ta Nga Bay, a hannunsa ya sami ido. Ba wanda zai saka sabon jirgi a ruwa yana makaho. Sai an zana, an rufe da jan ƙyalle, an yanka agwagwa, sannan a buɗe. Bana hannunsa ya soma rawa, ya ce ya ajiye buroshi, ni kuwa na ga bai kamata ya ajiye shi a shiru ba.

An yi yaƙi a ƙasarmu kafin a haife ni, ban gan shi ba. Daga bakin Inna Sau na ji, mai sayar da taliya a kwale-kwale, wadda aka yi komai a gabanta.

A lokacin, ƙananan jiragen sintiri na sojojin ƙetare ne sarakunan kogi. Koraye ne, da babbar bindiga a goshi, igiyar ruwansu kaɗai ta isa ta kifar da mai kamun kifi. Su tare mutum, su caccaka buhun shinkafarsa, wanda bai tsaya ba su harbe shi. Haka suka kashe ƙanen Inna Sau, don ƙarar injinsa ta hana shi jin kira.

Da sojojin ƙetare suka tafi, sai aka miƙa jiragen ga samarin ƙasa. Su kuwa 'ya'yan kogi ne. Da aka yi wa wani jirginsu kwanton ɓauna, sai suka ce makanta ce ta ja, suka ƙi shiga ƙananan mashigai. Wani cikinsu ya gwada zanawa da kansa, idon ya fito a karkace, mata suka riƙa dariya a ɓoye suna kiran jirgin mai harara garke.

Ran nan shugabansu, Laftanar Khiem, ya kawo nasa jirgin har bakin rumfa don a zana masa ido. Ya fara da lallashi, ya yi alkawarin man inji da takardar wucewa. Kaka Tam bai ko ɗago kai daga gwangwaninsa ba.

"Yallaɓai, yana makaho ma ga ɓarnar da yake yi. In na ba shi ido, wa zai rage a kogin nan?"

Laftanar ya yi dariya, ya ce ai fenti ne kawai.

"To ga gwangwani, ga buroshi. Na ji yaranka sun iya."

Inna Sau ta ce a nan dariyar ta ƙare. Aka danne hannunsa na dama a kan kututture, aka ce ya zaɓa: ko ya zana wannan, ko ya daina zane har abada. Ya ƙi zanawa. Aka sauke masa gindin bindiga a hannun, aka cinna wa rumfar wuta. Jirgin ya koma yadda ya zo.

Kaka, kai ne ka zauna cikin toka kana koya wa hagu aikin dama. Idanun farko da ka zana, Inna Sau ta ce sun fi kama da ƙwan agwagwa, ka ce mata ko a haka sun fi taliyarta fasali.

Yaƙi ya ƙare, sojojin ɓangaren da ya ci nasara suka gaji jiragen, suna bin masu gudu zuwa teku da su. Suka zo da yabo, wai shi jarumi ne da ya bijire wa maƙiyi, yanzu sai ya zana wa nasu. Ya leƙa goshin jirgin, ya ga bindiga tana nan daram. Ya miƙa musu hagunsa.

"Saura wannan, 'ya'yana. In ita kuka zo karɓa, ga ta."

Ba su fasa masa ita ba, amma sun tura shi haƙar magudana har damina ta zagayo. Ya dawo a rame, bai zana ba.

Bayan shekaru aka yasar da jirgin a cikin laka. Matan ƙauyenmu suka roƙa aka bar musu, don kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti. Kaka Tam ya sa aka kwance ƙarfen da bindiga ke zama a kai, ya hau ya shafa wurin da tafinsa, ya tabbatar ko ƙusa ba ta rage ba. Sannan ya ce a miƙo masa baƙin fenti. A cikin jirgin nan aka kai uwata ranar da ta haife ni.

Mun gode, Kaka Tam, tsoho mai taurin kai, hagu mai albarka. Ku kuma masu sana'a, ko maƙera ne ko masu gyaran inji, in an kawo muku aiki, ku tambayi abin da za a yi da shi kafin ku sa hannu. Ana iya cewa a'a. Muna da wanda ya faɗa wa masu bindiga, ya sake faɗa wa waɗanda suka gaje su, ga shi nan a bakin mashigi yana shan kofinsa.