Majiya Mai Aski da Sirrin Bahago

Bakinsa ne ya jawo masa sunan Majiya. Ba ya buɗe zance sai ya ce, "Wata majiya mai tushe ta shaida min," ko da kuwa a kan farashin sabulu ake magana. Tun ana yi masa dariya har sunan ya bi shi, matarsa ma idan tana son tsokana da shi take kiransa.

Mai aski ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai facin taya. Kujerar aski ɗaya ce, sai benci, sai madubi mai tsagewa a kusurwa, sai rediyon da aka ɗaure murfin batirinsa da roba. Bango kuwa cike yake da hotunan 'yan ƙwallo, wasu har rana ta cinye fuskokinsu. Rabin masu zama a bencin ba aski ke kawo su ba, hira ce.

"Ku duba min wannan haukan," zai ce, injin aski na kuka a hannunsa. "Sun sayo ɗan wasan gaba, alhali bayansu a buɗe yake kamar gidan da ba ƙyaure. Wa zai tsare musu gida, kakarsu?"

Kafin a gama dariya ya koma kan yajin aikin likitoci, daga nan ya faɗa kan sabuwar waƙar da ke tashe. "Waƙar yanzu duk ganga ce. Ka cire gangar ka ga ko za ka tsinci magana ɗaya." Amma da an sako ta a rediyo, ƙafarsa ce ke fara bugun ƙasa.

Abin da ya fi ji da shi shi ne shirin wasanni na yamma, wanda masu sauraro ke bugo waya. Mai gabatarwa ya san muryarsa. Da ya ce, "Ga Majiya daga kujerar aski," sai shagon ya yi tsit, wanda ake yi wa aski ya haƙura da rabin kai har a gama.

Matarsa tana da ƙane, autansu, wanda ya tashi a hannunsu bayan rasuwar iyayensu. Majiya ne ya fara kai shi fili, shi ke tsayawa a bakin layi yana yi wa alƙalin wasa ihu. Yaron ya girma ya zama ɗan wasan gefe a ƙungiyar garin, ana ce masa Bahago saboda ƙafar hagunsa. Ba ya shiga wasa sai ya zo mijin yayar tasa ya gyara masa kai.

Wata rana da tsakar rana, shagon ba kowa, Bahago ya zo ya zauna a kujerar, fuskarsa ba walwala. Majiya ya yafa masa zane, ya kalle shi ta madubi.

"Yau lafiya? Ka yi kamar wanda aka ba jan kati."

"Yaya, akwai maganar da ko yayata ban faɗa wa ba." Ya waiga ƙofa. "Babbar ƙungiyar nan ta birni tana so na. Mun yi magana da kocinsu. Amma sai kakar wasa ta ƙare kwantiragina ya cika, kafin nan in shugabanmu ya ji, na shiga uku. Don Allah ka riƙe min."

Majiya ya kashe injin. Idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa kan yaron ya ce, "Na ɗinke bakina da zare."

Ya riƙe ɗin kuwa, na 'yan kwanaki. Sai dai maganar ta zame masa garwashi a aljihu. Shekara da shekaru yana cewa majiya, alhali majiyar tasa ba ta wuce abin da kowa ke gani a waya ba, yau ga labari na gaske a hannunsa, kuma ba damar faɗa.

Ranar da abin ya faru, wani mai bugo waya da ake kira Farfesa ne ya tsokano shi a shirin. "Ku daina ba wa mai askin nan lokaci," in ji shi. "Majiyarsa gashin mutane ce kawai." Mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya, 'yan benci ma suka taya shi. Majiya ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya danna waya.

"Ka gaya wa Farfesa ya buɗe kunne. Akwai ɗan wasanmu da ya gama shiryawa da mutanen birni. Ba zan faɗi suna ba. Abin da zan ce kawai, ƙafar hagunsa ta fi ta dama magana."

Bahago kaɗai ne mai ƙafar hagu a ƙungiyar. Tun kafin ya ajiye wayar ya san ya yi ɓarna, domin mai facin taya, wanda ya leƙo don ya saurara, ya kama baki ya koma shagonsa.

A ƙarshen makon aka buga wasan da ƙungiyar ke bukatar ci don kada ta faɗa rukunin ƙasa. Majiya yana cikin 'yan kallo. Da aka kira sunan Bahago sai ihu ya tashi, ba irin wanda aka saba ba. Yaron ya rikice. Ya samu ƙwallo shi da mai tsaron gida, ya ɗaga ta sama. "Ya sayar da mu!" wani ya faɗa, filin duka ya ɗauka. Da aka tashi an ci su, wata kwalba da aka jefo ta sami Bahago a gira, aka fitar da shi jini na bin fuskarsa. Majiya ya yi ta kutsawa yana cewa ƙaninsa ne, masu tsaro suka tura shi baya.

Shugaban ƙungiya ya dakatar da Bahago. Mutanen birni kuwa, da suka ga za a tuhume su da zawarcin ɗan wasa ta bayan fage, sai suka fito suka ce ba su ma taɓa jin sunansa ba.

A gida matarsa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye masa abinci, ta zauna nesa tana ninke kayan yara.

"Ki ce wani abu mana."

"Me zan ce, Baban yara? Ai kai ne mai magana a gidan nan." Ta ɗago kai. "Auta bai faɗa min ba, ni da muka fito ciki ɗaya. Kai ya zaɓa."

Ba wata ƙungiya da ta sake neman Bahago, domin sunan mai sayar da wasa ya riga ya manne masa. Ya bar garin, ya samu aikin lodi a wani kamfanin lemo. Majiya ya yi ta kiran wayarsa ba a ɗauka. Da abin ya ishe shi, ya rufe shago ya hau mota ya bi shi.

Ya same shi a bakin sito yana jera akwatuna a bayan babbar mota, tabo a girarsa, gashinsa ya taru ba gyara. Bahago ya gaishe shi da ladabi, har da rusunawa, ya jawo masa akwati ya zauna. Majiya ya shirya magana tun a hanya, amma kalma huɗu kawai ya iya faɗa.

"Auta, ka yafe min."

"Ya wuce, Yaya." Ya goge zufa da gefen riga. "Abu ɗaya nake so in sani. Me suka ba ka?"

"Su wa?"

"'Yan rediyon."

"Wallahi ko sisi. Dariya aka yi min, na kasa daurewa."

Bahago ya girgiza kai. "Da ma biyan ka suka yi, da na fi ganewa," ya ce. Direban motar ya danna oda, Bahago ya koma bakin aikinsa.

Majiya yana nan a shagonsa har yanzu. Ya daina kiran shirin yamma, ko da yake mai gabatarwa ya yi ta cigiyarsa. Hira bai iya barinta ba, sai dai ya koma kan 'yan wasan ƙasashen waje, waɗanda ba su san da shi ba, ba kuma abin da bakinsa zai rage su da shi. Idan wani ya kawo zancen ƙungiyar garin, sai ya ce a sunkuyar da kai zai gyara ƙeya. Bahago yakan zo ganin yayarsa lokaci zuwa lokaci, ya yi wasa da yaran, ya gaida mijinta, ya koma a motar yamma. A bara ya yi aure, kuma Majiya ne ya tsaya masa a matsayin uba, don ba wani namiji babba a dangin. An yi taro lafiya, an ɗauki hoto, su biyun suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon gabansa.