Rigar Firijin Malam Bitrus

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Bappa Hammadu ya fara fita da ni aikin waje. Da muka shiga falon gidan, ba firijin na fara gani ba, rigarsa na gani. An saƙa ta da zaren ulu ja da fari, ta rufe shi daga sama har ƙasa, ƙofar gilashin kawai aka bari a buɗe. Gezar bakin rigar tana jan ƙasa ta ko'ina, ban da kusurwar hagu ta baya, inda ta ɗage kamar wani abu ya ja ta ciki. Na gani, na yi shiru. A lokacin shiru ne aikin da na fi iyawa.

Ku ƙannena da kuka shigo sashen gyaran firiji bana, kun san makaranta kan tura kowa wani shago a dogon hutu. Ni shagon ƙanin babana, Bappa Hammadu, aka kai ni, a Jimeta, bayan babbar kasuwa. A shago akwai Oga, wato Bappa, sai manyan yara waɗanda aka yarda su yi walda su zuba gas, sai ƙanana masu wanki da ɗauka. Ɗan hutu shi ne a ƙasan kowa. Aikina riƙe jaka da adana notunan da aka kwance. Ranar, wata Juma'a ce a watan Agusta, manyan duk sun tafi gyaran ɗakin sanyi na masu kifi, sai Bappa ya dube ni ya ce, "Injiniya Dija, ɗauko jaka." Muka hau keke zuwa Karewa.

Maigidan, Malam Bitrus, tsohon hedimasta ne. Ya tarbe mu hannunsa a baya, kamar mun makara zuwa aji. Mahaifiyarsa, Kaka Saratu, tana zaune kan kujera 'yar tsugune kusa da taga tana ɓarar gyaɗa. 'Yarsa, Anti Rahila, tana tsaye a ƙofar kicin, waya na ta ruri a hannunta ba ta ɗauka ba.

Malam Bitrus ya yi mana bayani. Firijin na ruwan inabi ne, Ishaya, saurayin Anti Rahila, shi ya kawo masa kyauta. Washegari dangin Ishaya za su zo gaisuwar neman aure, kuma kwalaben da ke ciki su za a buɗe musu. Ko sati biyu firijin bai yi ba, ya daina sanyi.

"Tsohon kaya ya saya, aka sa masa a sabon kwali," in ji shi. "Yaron da ya kawo mini mushe, me zai kawo wa 'yata? In bai tashi ba, a baranda zan ajiye shi gobe, kawunnansa su fara gaisawa da shi kafin su gaisa da ni."

"Baba, don Allah," in ji Anti Rahila.

"Ko ƙanƙara bai taɓa yi ba."

Bappa ya yi murmushi. "Malam, wannan ba ya ƙanƙara ko ran da aka ƙera shi. Sanyinsa kamar na ruwan randa ne, ya ɗan fi kaɗan. Haka abin cikinsa yake so."

"To, gas ne ya ƙare."

"Kowa gas yake cewa. Da gas mutum ne, da tuni ya kai ƙarar mutanen Jimeta."

Kaka Saratu ta yi dariya, ta nuna rigar da ɓawon gyaɗa. "Ku bi a hankali da wannan. Ni na saƙa. Kayan surukina ba zai zauna tsirara ba."

Ƙa'idar Bappa ita ce kunne, sannan hannu, sannan mita. Ya fara duba wutar soket, ta cika. Ya jona firijin, ya ce in durƙusa in saurara. Kwamfuresa, wato baƙin tulun da ke tura gas, ya tashi yana guna. Can sai na ji ƙas, ya tsaya.

"Me kika ji?"

Na faɗa masa, murya ƙasa ƙasa.

"Me ba ki ji ba?"

Na sake saurarawa. "Fanka, Bappa."

Ga waɗanda ba su kai wannan darasi ba: firiji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar waje. Wurin zubarwar shi ne kwandensa, wasu siraran bututu a ƙasa ta baya, da 'yar fanka da ke hura musu iska. In fankar ta tsaya, zafin ba shi da wurin zuwa. Kwamfuresa ya yi zafi, wani ɗan makunni ya kashe shi don kada ya ƙone, shi ne ƙas ɗin. Ya huce, ya tashi, ya sake mutuwa. Cikin firiji kuwa ba abin da ke sanyi.

Muka cire filogi, muka tuɓe rigar, Bappa ya miƙa wa Kaka da hannu biyu. Muka janyo firijin daga bango. Bayansa da zafi kamar murfin tukunya. Bappa ya kwance marfin ƙasa, yana zuba mini notunan a tafi. Wurin fankar matsattse ne, hannunsa ba ya shiga, sai ya ce in tura nawa in juya ta. Ta ƙi motsi. Na haska da fitilar waya. A bayan fukafukan, jan zare ya naɗe sandar fankar tam, kamar an ɗaure bakin buhu.

Na dubi Bappa, na dubi abin da ke cinyar Kaka. Shi ma ya gani. Ya ɗan girgiza kai, alamar in yi aikina tukuna.

Na warware zaren a hankali da bakin ƙaramin sukudireba. Fankar ta juya da yatsa ɗaya. Duk da haka Bappa bai yarda ba sai da ya auna motarta da mita, don fankar da ta daɗe a ɗaure tana iya ƙonewa. Ba ta ƙone ba. Muka share ƙurar kwandensa da buroshi, muka jona. Iska mai ɗumi ta bugi tafin hannuna. Muka zauna muna jiran ƙas, Anti Rahila ta kawo mana zoɓo, muka shanye, ƙas bai zo ba. Gilashin ƙofar ya fara raɓa.

Malam Bitrus ya taɓa kwalba ɗaya, ya taɓa ta biyu. "Ya tashi. Amma tsoho ne, ko?"

"Dija, buɗe hannunki," in ji Bappa.

Na buɗe. Bappa ya ɗauki noti ɗaya ya kai masa kusa da tabarau. "Dubi kansa. Ƙarzuwa ɗaya ce, kuma ni na yi ta yanzu. Tsohon firiji notunansa sun sha sukudireba har sun suɗe. Sabo ne fil, Malam. Yaron bai cuce ka ba."

"To me ya kashe fankar?"

In Bappa ya ɓoye, zargi zai tsaya kan Ishaya. In ya faɗa, ga Kaka a zaune. Bappa ya ɗora jan zaren a kan tebur. "Iska yake so ta baya. Fankar na jan iska, sai ta haɗa da geza."

Malam Bitrus ya dubi zaren, ya dubi mahaifiyarsa. Sai dariya ta ƙwace masa. "Mama, ashe ke kika kusa kora mini suruki." Ya juya wurin 'yarsa. "Ɗauki wayar nan, kada ta fashe. Ki ce wa Ishaya gobe su zo da wuri. Ki ce na ce firijinsa yana gaishe shi."

Anti Rahila ta shige kicin da gudu. Kowa yana dariya ban da Kaka. Ta ninke rigar gida huɗu a cinyarta, tana shafa wurin da gezar ta tsinke. "Ni ƙura na ce kada ta ɓata masa kaya," ta ce, ba da kowa take ba. "Na so mutanensa su ga mun girmama abin da ya kawo."

Abin da na koya ranar shi ne, kafin a ce gas, a saurari abin da ya yi shiru. Na kuma gane cewa firiji ba ya zama shi kaɗai a gida. Wani ya saye shi, wani ya yi masa ado, sunan wani yana rataye a jikinsa, kuma duk waɗannan suna cikin abin da aka kira ka gyarawa.

Bappa yana ɗaure marfin, ni kuma ina ta kallon rigar. Samanta lafiya lau yake, baya da gefe ne matsalar. Na ciro tef daga jaka, na auna saman firijin, na je na durƙusa gaban Kaka. Tun shigowarmu ban yi mata magana ba sai gaisuwa, har ta ɗan firgita.

"Kaka," na ce, "in aka warware baya da gefe, aka bar saman da 'yar geza ta gaba, zai sha iska, kuma baƙi za su ga saƙarki gobe. Bappa zai bar ni nan zuwa azahar. Ni dai ban iya riƙe kwarashi ba. Don Allah ki nuna mini ta inda ake fara warwarewa."