Baturen da Ya Tambaye Ni Kakannina

Yau shekara tara ke nan da mutuwar Mista Bowen, Baturen da na yi wa tuƙi a unguwar Mohandessin da ke Alƙahira. Ba dangina ba ne, ba addininmu ɗaya ba, ga faɗan tsiya. Amma ya bar ni da tambayar da har yanzu take cina.

Wata rana cunkoso ya tsare mu a hanyar Giza, na ce, "Yallaɓai, wai wannan suna naka me yake nufi?" Ya ce shi mutumin Wales ne, kada in ƙara haɗa shi da Ingilishi. A harshensu asalin sunan "ab Owen" ne, wato ɗan Owen. Da can, in ji shi, ba su da sunan zuri'a. Mutum jerowa yake, wane ɗan wane ɗan wane, har a san gonar da zai gada. Da masu rajista suka zo, suka ce suna ɗaya za a riƙe. Aka tsaya a kan Owen, sauran suka bi ruwa.

"Kai fa, Haruna? Yalla, maza jero mini naka."

Na ce Haruna ɗan Isa ɗan Bello. Nan jerin ya ƙare. Uban Bello, wanda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za shi Makka ya maƙale a Sudan, ban san sunansa ba.

"Wa ya sani?"

"Gwaggona, tana Sudan."

"Kira ta mana!"

"Ma'alish, yi haƙuri, sai an kwana biyu."

Kwana biyun ya zama shekaru. Gwaggo ta rasu ban tambaya ba. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba.

Da Bowen zai ga yau, ko me zai ce? 'Yata Zainab da ke jami'a ta lalubo mini asalin sunansa a waya kafin shayina ya huce. Namu kuwa babu. Nakan zauna a unguwar Faisal ina tunanin Owen ɗin nan. Makiyayi ne? Ya san jikansa zai mutu a Alƙahira da sunansa?

Shi Bowen ko banza ya riƙe kaka ɗaya na gaskiya, ya kuma koya mini jin kunyar rashin nawa. A ofishin takardun zama suna huɗu ake so, ni kuwa uku gare ni. Ma'aikacin ya tsare ni da ido, layi na jira, na ce Muhammad.

Zainab, ki gaya wa 'ya'yanki, Muhammad ɗin nan na takarda ba kakanmu ba ne. Ni na ƙirƙiro shi a tsaye.